Batman, 'yan sa-kai, da abin da ya sa muke son mutumin dare

Daga Illela nake magana kamar kullum, kuma in kun ji ƙarar babura a bayana ku yi haƙuri, gobe Lahadi ce, ranar kasuwa, tun yau garin ya fara cika da baƙi daga Konni da ƙauyuka.

Yau littafi na kawo muku. Na san wani zai ce, to fa, wannan ɗan gwagwarmayar ya rasa abin faɗa, ga rashin tsaro, ga tsadar masara, shi kuma ya ɗauko mana katun ɗin yara. Ku ɗan ba ni lokaci. Littafin nan ba na yara ba ne, kuma ni dai ban taɓa karanta wani abu da ya tuna mini da gabashin Sakkwato kamarsa ba, duk da cewa waɗanda suka yi shi ba su san akwai wani gari wai shi Illela a duniya ba.

Sunansa Batman: The Long Halloween. Labari ne cikin zane, wato hotuna a jere da maganganu a cikinsu. Jeph Loeb ne ya rubuta, Tim Sale ya zana, kamfanin DC na Amurka ya fitar da shi kashi 13 tsakanin 1996 da 1997, daga baya aka haɗe shi littafi guda. Ni a waya na fara karanta shi, lokacin ina Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wani abokin ɗakina ne ya turo mini ta Xender ana gobe jarrabawa, Allah ya yafe masa. Ban rufe ido ba sai da na ji kiran assalatu.

Ga wanda bai san Batman ba, ko da yake da wuya, tun da hotonsa har a jakar makarantar yara yake: ɗan masu kuɗi ne, sunansa Bruce Wayne, a wani birnin ƙirƙira da ake kira Gotham. Yana yaro wani ɗan fashi ya harbe uwarsa da ubansa a gabansa cikin wani lungu. Da ya girma sai ya ɗinka kaya masu siffar jemage, ya rufe fuska, yake fita da dare yana farautar miyagu. Tun 1939 ake ba da labarinsa, Bob Kane da Bill Finger ne suka ƙirƙiro shi. Ba ya tashi sama, harsashi yana huda shi kamar kowa. Abin da yake da shi kuɗi ne, da horo, da kuma ciwon da bai warke ba.

To shi wannan littafin ba irin na jarumi ya daki dodo a tashi ba ne. Labarin manyan masu laifi ne. Akwai wani uban daba mai suna Carmine Falcone, wanda ya riƙe Gotham a tafin hannunsa. Alƙalai nasa, wasu 'yan sanda nasa, har banki yana neman ya shigar da kuɗinsa. Kowa ya san abin da yake yi, ba mai iya kai shi kotu. Da bikin aure ma aka buɗe littafin, manyan gari duk sun zo cin abincinsa. Ku gaya mini wannan hoton baƙo ne a wurinku.

Sai mutum uku suka haɗu da dare a kan rufin ofishin 'yan sanda: Batman, da wani ɗan sanda mai gaskiya Jim Gordon, da lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, Harvey Dent. Suka yi alkawari za su kayar da Falcone. Gordon ya gindaya sharaɗi, cewa za a iya lanƙwasa doka amma ba za a karya ta ba. Ku riƙe wannan sharaɗin, don duk littafin a kansa yake tafiya.

Ana cikin haka sai wani da ba a san ko wane ne ba ya fara kashe mutanen Falcone ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya kisa sai ranar wani biki ko hutu na Turawa, shi ya sa aka laƙaba masa Holiday. Yakan bar ƙaramar bindiga a wurin, da robar kan fidar jarirai da yake sa wa bakinta don ta rage ƙara. Wannan abin ya tsaya mini a rai, abin shayar da jariri a bakin bindiga. Shekara guda cur ana wannan kisa, kowa yana zargin kowa.

Bari in ɗan tsaya a kan zanen, don rabin daɗin littafin a nan yake. Tim Sale, wanda ya rasu a 2022, mutum ne da idonsa ba ya bambance launuka sosai, wani ne yake sa wa zanensa launi. Sai ya zama gwanin baƙi da fari. Za ka buɗe shafi ka ga rabinsa baƙi ne ƙirin, sai idanu biyu da kunnuwan jemage a can lungu. Wuraren kisan kuma an cire musu launi kusan gaba ɗaya. Mu da muka tashi a garin da wutar lantarki baƙuwa ce, mun san wannan duhun. Mun san yadda ake gane mutum da tafiyarsa kafin a ga fuskarsa, mun san yadda hasken tocila guda ɗaya daga nesa yake sa gaba ya faɗi. Bature yana kallon shafin a matsayin fasaha. Ni unguwarmu nake gani bayan isha'i.

Yanzu tambayar da ta sa na yi shirin nan: me ya sa irin wannan labarin yake da daɗi haka? Me ya sa matashi zai bar labarin da komai yake ƙarewa lafiya, ya rungumi wanda yake cike da duhu da gawa?

Abu na farko dai, ba ya raina mana hankali. Tun muna firamare ake gaya mana cewa mai laifi ba ya tsira, hukuma tana nan. Sai ka girma ka ga wanda ya saci akuya yana tsare shekara da shekaru ba a ma yanke masa hukunci ba, wanda ya saci kuɗin asibiti kuma ana yi masa kirari a wurin ɗaurin aure. Littafin da ya fito ya ce maka, e, haka birnin yake, manya sun san juna, sai ka ji kamar wani ya dafa kafaɗarka. Akwai ma wani wuri da aka nuna cewa mahaifin Batman, wanda likita ne, ya taɓa ceton ran Falcone lokacin da aka harbe shi yana saurayi. Wato gidan jarumin ma yana da alaƙa da gidan uban daba. A ƙaramin gari irin namu wa zai ce bai fahimci wannan ba? Wanda ake tsoro, ƙanin matar wani ne, surukin wani ne, tare kuka yi makarantar allo.

Na biyu kuma, shi ne wanda nake jin kunyar faɗa amma gaskiya ce: muna son a rama mana. Son sadauki ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Iyayenmu sun karanta Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Yayyenmu sun cika gidajen kallo saboda Amitabh Bachchan yana dukan azzalumai, mu kuma muka tashi da fassarar finafinan Indiya, jarumi ɗaya ya watsa mutum hamsin. Amma wanda ya kwana yana jin harbi daga ƙauyen da ke kusa, wanda aka taɓa haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa da sayar da gona, son da yake yi wa Batman daban ne. Ba nishaɗi kaɗai yake nema ba. Yana kwance yana cewa, ina ma a ce akwai wani, mutum ɗaya tak, da ba ya jiran takarda daga Abuja, ba ya karɓar cin hanci, wanda zai shiga dajin nan cikin dare ya sa su ma su ɗanɗani tsoro. Wallahi ni ma na yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba.

To ai mun samu. Wannan ne abin da ya sa na ce littafin namu ne. Mun samu mutanen dare, sunansu 'yan sa-kai.

Kada wani ya juya mini magana. Na san samarin da suka ɗauki bindigar toka suka tsaya a bakin gari don mata da yara su yi barci, wasunsu sun mutu a kan haka, ba wanda ya biya iyalinsu ko sisi. Ba zan zauna a gaban makirufo in zage su ba. Lokacin da aka kira waɗanda ya kamata su zo ba su zo ba, su ne suka fito. Amma mu tuna abin da ya faru a nan kusa da mu. A watan Oktoban 2021, a kasuwar Mamande cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa, wadda muke ratsawa in za mu Sakkwato, 'yan sa-kai suka kashe Fulani sama da goma, har da limami. Ba kotu, ba shaida, ba tambaya. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 17 ga watan, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu, kuma mutane da dama sun danganta harin da ramuwar gayya. Waɗanda suka mutu a Goronyo ba su ne suka je Mamande ba. Masu sayar da albasa ne da masu sayen gero. Daga baya gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ayyukan 'yan sa-kai a jihar, sai dai wanda ya tafi ya tafi.

Ku dubi yamma da mu kuma, Tangaza da Gudu. Masu bincike, cikinsu har da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na jami'armu, sun bayyana cewa Lakurawa da farko a matsayin masu kare jama'a daga ɓarayin shanu suka shigo, da amincewar wasu mutanen yankin. Sun kori ɓarayi, an yi murna. Sai suka zauna, suka fara karɓar dabbobi da sunan zakka, suna yi wa samari bulala saboda waƙa a waya. Zuwa Nuwamban 2024 rundunar tsaron ƙasa da kanta ta fito tana sanar da su a matsayin sabuwar barazana. An kira kura ta kori kare, ga shi ta kwana a garke.

Kuma don kada mu ɗauka mu kaɗai ke riƙe da sanda: a watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintirin gari da taron jama'a suka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, suka kashe mutum 16. Ranar duk mun yi kuka a Facebook, mun ce ina doka, ina shari'a, me ya sa ba a miƙa su ga hukuma ba. Tambayar daidai ce. Amma su ma waɗancan, in ka tambaye su, cewa za su yi masu garkuwa sun addabe su, hukuma ta gaza, su ne masu kare garinsu. Kowane ɗan sintiri a duniya, a cikin kansa, shi ne Batman.

Ga bambancin da na daɗe ina juyawa. Batman na takarda yana da marubuci. Akwai wani mutum zaune a kan tebur a Amurka da yake tabbatar da cewa in Batman ya shaƙe wuyan wani, to mai laifi ne. Kuma an ɗora masa ƙa'ida, ba ya kisa, sai dai ya ɗaure mutum ya bar wa Gordon. Yaron da aka ba bindiga a ƙauyenmu ba shi da marubuci. Abin da yake da shi jita-jita ce, da tsohuwar gabar gona tsakanin babansa da wani, da fuskar mutum da ta yi kama da ta wata ƙabila. Su kansu masu rubuta Batman sun san da haka. A wani littafin, The Dark Knight Returns na Frank Miller da ya fito a 1986, wasu 'yan daba sun koma kiran kansu 'ya'yan Batman, suka shafa alamarsa a fuska, suka shiga yi wa masu ƙananan laifuka azabar da ta fi laifin. Fim ɗin The Dark Knight na 2008 ma da masu kwaikwayonsa ɗauke da bindigogi aka fara nuna shi.

Wanda bai karanta The Long Halloween ba kuma ba ya son in ɓata masa, ya tsallake nan. Cikin mutum ukun da suka yi alkawari a kan rufi, wanda ya faɗi shi ne lauyan. Harvey Dent, mutumin doka, wanda gari yake alfahari da shi. Tun da wuri an fara ganin alama. Shi da Batman sun gano rumbun da Falcone ya tara kuɗinsa, suka cinna masa wuta, aka ce ai lanƙwasawa ce, ba karyawa ba. Aka sa bam a gidansa. Yana ta gajiya da ganin masu laifi suna fita ta ƙofar baya. Rannan a cikin kotu, wani uban daba mai suna Maroni ya watsa masa ruwan batir a fuska, rabinta ta ƙone. Daga nan ya zama wanda ake kira Fuska Biyu, yana jefa sulalla sama ta yanke masa wanda zai rayu da wanda zai mutu. Shi ne a ƙarshe ya harbe Falcone.

Falcone ya mutu, to Gotham ta huta? Ina! Tsofaffin 'yan daba masu kwat da ƙa'idojinsu suka kau, mahaukata irin su Joker suka gaje birnin. Duk wanda ya kai shekarata a yankin nan ya ga irin wannan canjin da idonsa. Da ɓarawon shanu muke kuka, mai zuwa da sanda da adda cikin dare. Aka yi ta kama su ana yankawa a kasuwanni ba shari'a. Yau wa muke da shi? Mai AK47 a kan babur da rana tsaka, yana sa wa gari haraji. Ban ce 'yan sa-kai kaɗai suka jawo ba, akwai talauci, akwai makaman da suka bazu a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, akwai sakacin gwamnatoci. Amma kisan da ba shari'a ya zuba wa wutar fetur, wannan ko su waye suka yi bincike sun faɗa.

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana, wanda ban taɓa faɗa a shirin nan ba. Wata ranar kasuwa da yamma, lokacin ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar, sai na ji ihu wajen tasha, infoma, infoma! Na ruga. Wani saurayi ne a ƙasa, bai wuce shekara ashirin ba, an yaga masa riga, baki yana jini. Wai an gan shi yana ta waya yana kallon shaguna. Wani ya riga ya tafi neman taya. Abin da nake so ku ji shi ne, ni mai digiri, ni mai zuwa taron zaman lafiya ana ba ni ruwan roba, na ji hannuna yana ƙaiƙayi. A makon an sace wani da na sani. Zuciyata tana cewa, yau dai ga ɗaya a hannu.

Sai wani dattijo mai sayar da goro, wanda ko sunansa ban sani ba sai dai mu ce masa Baba, ya kutsa ya tsaya a kan yaron, ya buɗe babbar rigarsa ya rufe shi. Ya ce, "Mi yay yi? Wa ag gane shi da idonai? In kashe shi za ku yi, ku hwara da ni." Aka yi cirko-cirko. Ya karɓi wayar, ya ce a kira lambar ƙarshe a sa kowa ya ji. Aka kira. Mace ce ta ɗauka, daga wajen Galmi, tana tambaya ko ya samu shagon da ta kwatanta masa, na mai sayar da atamfa. Kayan lefen yayansa aka aiko shi dubawa. Mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. Wanda ya tafi neman taya ya dawo da ita a kafaɗa, ya tarar ba kowa.

Daren nan na sake buɗe littafin, sai na ga ashe duk shekarun nan ba mutumin da ya dace nake kallo ba. Idona yana kan mai baƙar riga da ke tsalle daga bene zuwa bene. Ban taɓa kula da Gordon ba, mai tabarau da gashin baki, mai gajiya, wanda matarsa take jiransa da abinci ya huce. Ba shi da ko shafi ɗaya mai burgewa. Aikinsa tambaya: ina shaida, wa ya gani, a kai shi kotu. Har abokinsa Dent, da ya yi kisa, shi ya sa masa ankwa. Ba yaron da zai sayi jaka mai hoton Gordon. Amma in ka cire shi daga labarin, Batman ɗan daba ne kawai mai tsadar kaya.

Yanzu jihohinmu sun ɗauki wata hanya. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ma ta kafa tata a shekarar. An ba su kaki, da albashi, da horo. Ni ina ganin ya fi a bar kowa da bindigarsa a ɗaka, ko ba komai akwai suna a rajista, akwai wanda za a tambaya. Amma kaki ba ya mayar da mutum Gordon. Abin da nake so mu riƙa tambaya a tarukanmu na matasa shi ne, in sun kama mutum ina suke kai shi, cikin awa nawa, wa yake rubutawa, kuma in sun yi kuskure uwar yaron ƙofar wa za ta buga. In Bafulatanin ruga ba zai iya kai ƙararsu ya dawo gida lafiya ba, to ba mu gama aiki ba.

Ƙanina, wanda yake aji biyar na sakandare, kwanaki ya same ni ya ce, "Yaya, ni fa in na gama makaranta sa-kai za ni shiga, na gaji da gudu." Ban yi masa wa'azi ba, don na san wa'azina ba zai wuce kunnensa ba, kuma gajiyar tasa gaskiya ce. Na tura masa littafin a waya, na ce ya karanta mu yi magana. Turancinsa bai kai ba, rabi hotuna yake bi, rabi yana zuwa in fassara masa. Shekaranjiya ya shigo ɗakina da dare, ya ce, "Yaya, wanga Dent ɗin, ai shi ad da gaskiya tun farko, don mi sunka mai da shi mugu?" Na ce ya je ya ƙarasa, saura kashi biyu. Bai kai wurin matar Dent ba tukuna, inda take ƙona wasu kaya a ɗakin ƙasa tana magana ita kaɗai. Wannan ko ku ba zan gaya muku ba.

Wanda ya karanta, ya rubuto mini wa yake ganin shi ne Holiday na gaskiya, don ni da abokin ɗakin nan nawa har yau ba mu daidaita ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu shigowa kasuwa gobe, Allah ya kawo ku lafiya, ya mayar da ku gida lafiya.